Kiɗa a Jirgin Iska: Yadda Ake Haɗa Waƙoƙin Tafiya Ba a Toshe Kunnen Matuƙi Ba

Da zarar jirgin ruwa ya bar tasha, an kashe inji, an ɗaga filafili, wato babban ƙyallen nan da iska ke cikawa ta tura jirgin, sai wuri ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai ruwa yana lasar gefen jirgi da igiya tana ɗan kuka. A daidai nan ne hannun wani ke shiga aljihu neman waya don ya sa kiɗa. Babu laifi, tafiyar ruwa doguwa ce, kiɗa kuma yana rage tsawonta. Sai dai kunnen matuƙi kayan aiki ne kamar kamfas da anka, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa don tsai da jirgi. Da shi yake sanin filafili ya fara kaɗawa tun kafin ido ya gani, da shi yake jin iska ta juya, da shi yake jin injin wani jirgi na tahowa ta bayan ƙyalle inda ba ya hange. Dokokin hana karon jiragen ruwa na duniya na shekarar 1972 ma sun faɗi haka ƙarara a doka ta 5: kowane jirgi ya riƙa lura a kowane lokaci da ido da kuma kunne. Duk abin da ke tafe a ƙasa, daga zaɓen sifika har zaɓen waƙa, a kan wannan aka gina shi.

Matakin farko: sifika

Ga ƙaramin jirgi da tafiyar yini guda, sifikar hannu mai Bluetooth ta wadatar. Kafin ka duba ƙarfin muryarta, juya kwalinta ka nemi alamar IP. IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa kawai. IPX5 da IPX6 suna jure feshin ruwa mai ƙarfi. IPX7 ita ce aka gwada ta a nutse cikin zurfin mita 1 har minti 30. In ka ga IP67, ta haɗa wannan da hana ƙura shiga, wanda ke da amfani ga mai tafiya lokacin hunturu. Kada ka sayi ƙasa da IPX7. Abubuwa biyu kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Na ɗaya, da ruwan daɗi ake gwajin, ruwan gishiri kuwa yana cin ramin caji ko da cikin na'urar bai jiƙe ba. Na biyu, jure nutsewa daban ne da yin iyo. Sifikar da ba ta shan ruwa amma ta tafi ƙasan teku ba ta amfane ka da komai ba. Ɗaure ta da siririyar igiya a jikin wani ƙarfe, kuma igiyar ta zama gajera yadda ko ta zame ba za ta kai ruwa ba.

Jirgin da ake kwana a ciki shi ne ya cancanci rediyon da aka kafe. Masu neman sauƙi sukan sa rediyon mota, kuma yakan yi aiki na ɗan lokaci idan yana cikin ɗaki, amma laima tana shiga allonsa ta sa tsatsa. Sifikun waje kuwa dole su zama na ruwa: bakinsu na roba ne maimakon takarda, ragarsu ba ta tsatsa, rana ba ta busar da su. Girman da aka fi samu shi ne inci 6.5, om 4. Biyu sun isa.

Inda za ta zauna

A bayan kowace sifika akwai maganaɗisu, kamfas kuwa da maganaɗisun duniya yake aiki. Ka ajiye sifika kusa da shi, allurarsa ta karkace ba tare da ka sani ba, ka yi ta bin hanyar da ba ita ba. Karkacewar digiri 5 kawai, a tafiyar kilomita 20, tana kauce da kai kusan kilomita 2 daga inda ka nufa. Bar tazarar aƙalla mita 1. Kada ka dogara da awo kaɗai, gwada: jirgi na ɗaure a tasha, ka dubi lambar da kamfas ke nunawa, wani ya kawo sifikar a hankali zuwa inda ake son ajiye ta. In allura ta motsa ko kaɗan, a matsa da ita. Jiragen da ke da na'urar tuƙa kai suna da wani kamfas na lantarki a ɓoye, sau da yawa a cikin kabad ko ƙarƙashin kujera. Nemo inda yake, don sifikar da aka jefa cikin wannan kabad tana iya sa jirgi ya juya da kansa.

Sannan ka sa ta ƙasa-ƙasa, a inda jikin jirgi ya kare ta daga iska, bakinta yana kallon mazauna. In ka ɗora ta a sama, iska ce za ta kwashe rabin sautin, kai kuma ka yi ta ƙara murya. Kada kuma ta zauna gefe ɗaya da rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi. Tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa, dole muryarta ta fi ta kiɗa a kunnen mai tuƙi.

Lissafin wuta

Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne jawo wutar kiɗa daga batirin tada inji. An yini ana jin daɗi, la'asar ta yi, iska ta kwanta, an zo tada inji sai ƙas-ƙas. Batirin tada inji nasa daban, na fitilu da rediyo nasa daban.

Lissafin ba wuya. Batirin ruwa mai bolt 12 da 100Ah (Ah awon yawan wutar da batir ke ɗauka ne, amfiya sau awa), rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato 50Ah. Rediyo mai sifika biyu a matsakaiciyar murya yana jan wajen amfiya 1 zuwa 2. Ka ɗauki 1.5, ka ninka da awa 8, ya ba ka 12Ah. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na abin da kake da shi, kuma fitilun dare da famfon kwashe ruwa da na'urar nuna hanya suna jiran nasu rabon. In ka ƙara amfilifaya da babbar sifikar bes, lissafin zai ninka sau da yawa. A ganinmu ba su da gurbi a jirgin iska. Riƙe ƙaramar mita: batirin da ya huta yana nuna wajen 12.6 in ya cika, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, a kashe kiɗa.

Wajen haɗi, sa fis a kan wayar wuta kusa da kan batir, cikin tazarar da ba ta wuce santimita 18 ba, don in waya ta goge ta haɗu, fis ɗin ya ƙone kafin jirgi. Yi amfani da wayar tagulla mai rufin kuza, wadda silinta ke da launin azurfa. Wayar gida tana yin baƙi ta ciki cikin laima, wuta ta daina wucewa sosai. A rediyo irin na mota, baƙar waya ta ƙasa ce, ja ta makunni, rawaya kuma ita ke riƙe agogo da tashoshi. Rawayar nan tana tsotsar wuta dare da rana. In jirgi zai yi makonni a ɗaure, a bi da ita ta babban makunnin batir, gara a rasa agogo da a rasa batir.

Mai sifikar hannu kuwa fawa banki ya ishe shi, amma ya san cewa mai 10,000mAh ba ya ba da dukan abin da aka rubuta. Wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa na'ura. Kada a bar shi ko waya a rana kan bene, zafi yana kashe waya ya kumbura batir.

Sauke komai tun kana tudu

Sabis yana ɓacewa da an yi nisa da gaɓa, saboda haka duk abin da za a ji a sauke shi tun a gida. Waƙar MP3 mai 128kbps tana cin kusan megabait 1 a minti, awa 8 ba ta kai rabin gigabait ba. Mai 320kbps tana cin wajen 2.4 a minti, amma a fili cikin iska kunne ba zai bambance su ba. Memori mai gigabait 8 ya ɗauki kiɗan mako guda har da saura. Bayan ka sauke, kashe data ka kunna waƙoƙin ka gani, don wasu manhajoji sukan nuna an sauke, sai an shiga ruwa su ce sai an tabbatar da rajista.

Abin da ya fi shi ne a ware tsohuwar waya ta zama ta kiɗa kaɗai. Wayar da ake duba taswira da kiran gida ta zauna cikin jakar leda mai zif da cajinta. Kuma a jera waƙoƙin tun kafin a tashi, a bar su su yi ta bin juna. Mai sunkuyar da kai yana latsa waya cikin jirgi mai tangaɗi, ba a jima zai fara jin jiri da tashin zuciya, domin idonsa na ce masa yana zaune, cikin kunnensa na ce masa yana lilo.

Wane kiɗa, a wane lokaci

Nan ne aka fi gardama, kuma kowa da abin da yake so. Amma akwai abin da iska ke yankewa ba tare da ta tambayi ra'ayin kowa ba. A ce iska na kaɗawa kilomita 22 a awa, jirgi na gudun kilomita 9. In ana sara iskar ta gaba, abin da ke dukan fuska ya kai wajen 29, jirgi ya karkata, ruwa na fantsama. In iskar na baya tana turo jirgi, abin da ake ji 13 ne kacal, wuri ya yi lumui. Iska ɗaya ce, amma kunne yana cikin duniya biyu. Saboda haka a yi folda uku, ba jeri guda ba.

Foldar fuskantar iska tana son kiɗa mai bugu a fili da murya mai kaifi, wanda ko iska ta cinye rabinsa za a iya bin sauran. Kalangu yana ratsa iska, haka goge da kukuma, saboda siririn sautinsu. Kiɗan da daɗinsa ke cikin bes, wato amon nan mai kauri da ke dukan ƙirji, a nan yake mutuwa: ƙaramar sifika a fili ba ta da bangon da zai dawo mata da shi, sai ka ji kamar ana buga gwangwani. A nan ne kuma waƙoƙin ma'aikatan jirgi na asali suke da gurbi. Matuƙan manyan jiragen iska na Ingila da Amurka a ƙarni na 19 suna da waƙoƙin aiki, mutum ɗaya ya bayar, sauran su amsa, a ja igiya daidai kan amshi. Akwai na ɗaga filafili, akwai na juya marfin jawo anka, kowanne da saurinsa. Jirgin tururi ne ya kashe musu kasuwa. Wanda ya san waƙar daka ko ta gayya a gona ya riga ya san yadda abin yake. A Tekun Fasha, jiragen masu nutso neman lu'ulu'u sukan ɗauki mawaƙi na musamman, kuma daga rayuwarsu ne kiɗan fijiri na Bahrain ya fito, da tafi da ganguna da tulun ƙasa, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gadon duniya a 2021. Irin waɗannan ba sa buƙatar sifika mai kyau, don a bakin mutane aka gina su. Sau da yawa ma da an ji amshi sau biyu sai mutanen jirgi su karɓe.

Foldar iskar baya ita ce ta nishaɗi. Garaya, gurmi, molo, jitar Buzaye mai tafiya kamar takun raƙumi, taarab na Zanzibar da Lamu da Mombasa inda jiragen iska na katako ke aiki har yau, morna ta tsibiran Kef Bad mai sanyi da kewar gida, rege mai jinkiri. Abin da ya haɗa su shi ne suna barin rata tsakanin sauti da sauti, ta cikin ratar ake jin ruwa da ƙyalle. Kiɗan situdiyo na zamani da aka matse shi ya cika maƙil daga farko har ƙarshe ba ya barin irin wannan ƙofa, yana kuma gajiyar da kunne bayan awa guda. Sai dai a kula, lokacin da ya fi daɗi shi ne ya fi yaudara. In iska na baya sosai, matuƙi ya shagala ya ɗan karkata, iska takan zagayo ta bayan filafili ta wurgo sandar da ke kwance a ƙasansa daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da zai fasa kai ko ya jefa mutum ruwa. Gargaɗin da ake samu ɗan kaɗan ne: gefen ƙyalle ya yi laushi, igiya ta saki. Waƙar da ke sa mai tuƙi lumshe ido yana kaɗa kai, a ajiye ta sai an jefa anka.

Folda ta uku ta bayan an tsaya ce, ta magariba da hira. Nan ne wurin dogayen waƙoƙin fada na kotso da taushi, da waƙoƙin bege, duk abin da ke son a saurari kalmominsa. Jirgin da ya ɗauki mutane daban-daban kuwa a tambaya tukuna. Wani karatu yake so, wani shiru yake so, kuma ba inda zai gudu. Lokacin salla a kashe ba sai an roƙa ba.

Awon murya

Gwaji ɗaya ya isa. Mutum ya tsaya a goshin jirgi ya yi magana da muryar hira, ba ihu ba. In mai tuƙi bai ji ba, kiɗa ya yi yawa. A maimaita gwajin duk lokacin da aka juya jirgi, tunda muryar da ta dace ana fuskantar iska ta yi yawa da an ba ta baya.

In inji na aiki, kada a yi gasa da shi. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Wanda ke zaune kusa da injin bayan jirgi ya riga ya ci rabonsa, ɗora kiɗa a kai neman kurumta ne.

Ga kuma maƙwabta. Sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, musamman da asuba da dare, saboda iskar da ke daf da ruwa ta fi ta sama sanyi, sai ta lanƙwaso sauti ƙasa, shimfiɗar ruwa kuma ta cilla shi gaba. Abin da kake ji kamar raɗa, jirgin da ke can ƙetare yana jin kowace kalma, haka masuntan da ke jiran taru.

Gadin dare

Mai gadin dare yana son abin da zai hana shi barci ba tare da ya tashi na ciki ba. In dole ne a sa iyafis, kunne ɗaya kawai, ƙasa-ƙasa, kuma kada a kusanci irin mai toshe ƙarar waje. Idon mutumin da ke mita 2 sama da ruwa yana hango kusan kilomita 5 ne kafin ruwa ya haɗe da sama. Babban jirgin kaya ana hango fitilunsa daga nesa da haka saboda tsayinsa, amma mai gudun kilomita 37 a awa yana cinye kilomita 6 cikin minti 10. Dabarar ita ce waƙa ta zama agogo: a jera masu minti 4 zuwa 5, duk wadda ta ƙare a cire iyafis, a miƙe, a duba ko'ina har bayan filafili, a saurara. Waƙoƙin gargajiya masu minti 20 ko 30 ba su dace da wannan aiki ba, duk daɗinsu.

Inda ake kashewa gaba ɗaya

Shiga tasha da fita, jefa anka da ɗago ta, rage filafili, wucewa ta hanyar manyan jirage: duk waɗannan babu kiɗa. Haka cikin hazo, inda jirage ke magana da ƙaho. Doguwar busa ɗaya duk bayan abin da bai wuce minti 2 ba, jirgi mai inji ne yana tafe. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, jirgin iska ne ko mai kamun kifi ko wanda ba ya iya kaucewa. Gajeru biyar a jere kuwa, in jirage na ganin juna, wani ne ke cewa bai gane abin da kake nufin yi ba, kuma yana tsoron karo.

Wannan bai tsaya ga teku ba. Mai fito a tafkin Kainji wajen Yawuri, ko a Tafkin Cadi, ko a tafkin Bolta ta Yeji, yana da nasa abin saurare. Hadarin damina a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa takan riga ruwan isowa. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa, ka raba uku, ya ba ka nisan a kilomita. Ba za ka ƙirga ba in sifika na ihu. Dorina takan yi gurnani kafin a gan ta. A tafkunan madatsa irin Kainji da Bolta akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, mai tsayuwa a gaba yana hango su ya yi kira, kiran nan dole ya isa baya a karon farko.

In abu ya lalace

Sauti na yankewa: Bluetooth galibi ba ya wuce kamar mita 10, ruwa kuma yana shanye siginarsa, jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne. Cire wayar daga aljihun baya ka ajiye ta kusa da sifika. Kiɗa ya zama siriri bayan sabon haɗi: an juya wayoyin sifika ɗaya, tana turawa ɗayar na ja, suna kashe wa juna bes. Musanya wayoyi biyun ɗaya daga cikinsu. Wani siririn kuka da ke ƙaruwa in an taka inji: daga na'urar cajin inji yake shigowa, duba wayar ƙasa, raba wayar sauti da ta wuta, in ya ƙi a sa matatar ƙara. Rediyon VHF ya fara shashasha da an sa caji: cajar araha ce, canza ta. Sifika ta sha ruwa muryarta ta dushe: kifa ta, girgiza, bar ta a inuwa.

In ruwan gishiri ne ya taɓa ta, rufe murfin ramin caji, ɗauraye ta da ruwan daɗi a ranar, a bar ta ta bushe sarai kafin a sa caja. Wuta da gishiri da laima in sun haɗu a ramin nan, ba a daɗe ake ganin kore-kore a kan ƙarafansa, daga nan kuma caji sai an riƙe waya a karkace.